Filin da babu alƙali: Abin da ɗalibi ke koya a ƙungiyar tanis ta sakandare

Ƙwallon ta sauka a bakin layi da gudun da ido bai cika iya bi ba. Babu alƙalin wasa a kan doguwar kujera, babu masu tsaron layi, babu kuma na'urar da za a koma a duba. Mutum ɗaya ne ke da hurumin faɗin ko ta faɗa ciki ko ta fita, shi ne yaron da aka bugo wa ƙwallon, ɗan shekara 15 ko 16, wanda kuma shi zai ci moriya idan ya ce ta fita. Abokan karatunsa suna jingine da shingen waya suna kallo, kocinsa yana can wani filin yana duba wani wasan, nasarar makarantarsa kuwa tana iya rataya a kan kalma guda da zai furta.

Haka akasarin wasannin tanis na makarantun sakandare ke gudana a Amurka, inda wasan ya daɗe da samun gindin zama a tsarin karatu. Alƙaluman da tarayyar hukumomin wasannin sakandare ta ƙasar, NFHS, ke fitarwa duk shekara suna nuna cewa ɗalibai sama da 300,000 ne ke buga tanis da sunan makarantunsu, kuma 'yan mata sun fi maza yawa. Ƙalilan ne daga cikinsu za su taɓa cin abinci da raket. Saura kuwa suna barin makaranta da wata tarbiyya da fili ya ba su, wadda aji kaɗai bai cika bayarwa ba.

Tsanin da ba a hawa da alfarma

Kowace jiha tana da hukumar da ke tsara wasannin makarantunta, shi ya sa lokacin gasar ya bambanta. A wasu jihohi 'yan mata ne ke bugawa daga Agusta zuwa Oktoba, maza su karɓa daga Maris zuwa Mayu. A wasu kuma tare ake fita. Kakar wasan gajera ce, wata biyu zuwa uku, amma a cike take: atisaye kusan kullum bayan an tashi daga aji, sai karawa da wata makaranta sau ɗaya ko biyu a mako, wani lokaci har uku. Kocin sau da yawa malamin aji ne, mai koyar da lissafi ko tarihi, wanda ake ƙara wa ɗan alawus a kan albashinsa.

Makon farko na tantancewa ne. Ana haɗa ɗalibai su kara da junansu, daga sakamakon kuma a jera su tamkar matakan tsani, daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Waɗanda ke sama su ne rukunin farko da ke wakiltar makaranta, na ƙasa kuma su shiga rukuni na biyu, inda ake ƙara gogewa. Jerin bai zama dutse ba. Wanda ke mataki na huɗu yana iya ƙalubalantar na uku, idan ya doke shi su yi musayar gurbi. Ɗan ajin farko yana iya ture ɗan ajin ƙarshe, ɗan mai gadi yana iya ture ɗan shugaban makaranta. Duk wanda ya ga an danne shi, hanyar ɗaukaka ƙara ɗaya ce: ya ɗauki raket ya shiga fili. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Har kocin ma ba a bar shi ya yi yadda ya ga dama ba. Akwai wata dabara da masu wayo kan so su yi, wato su sauko da gwarzonsu zuwa gurbi na biyu, su tura mai rauni ya sha kashi a gurbin farko, domin su kwashe makin da ke ƙasa. Dokokin jihohi da dama sun haramta wannan. Dole jerin sunayen da za a miƙa kafin wasa ya bi ƙwarewa, kuma idan aka yi ƙorafi ana iya neman koci ya fito da sakamakon karawar cikin gida da ya dogara da shi.

Duk da wannan tsanani, ƙofar ba a rufe take ba. Hukumar tanis ta Amurka, USTA, ta daɗe tana ƙarfafa wa makarantu gwiwa su rungumi tsarin da ba a korar kowa, ta yadda duk ɗalibin da ya zo zai samu gurbi ko da bai taɓa riƙe raket ba. Dokar nan ta 1972 da aka fi sani da Title IX, wadda ta haramta nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, ita ta buɗe wa 'yan mata filayen wasanni da yawa, tanis kuma yana cikin waɗanda suka fi runguma.

Yadda wasan mutum ɗaya ya zama na jama'a

A asalinsa tanis wasan kaɗaici ne. Ɗan wasa yana tsaye shi kaɗai a gefensa na raga, ba shi da wanda zai miƙa wa ƙwallo, ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Makaranta ta zo ta sauya lissafin. Idan makarantu biyu suka haɗu, ana buga wasanni da yawa a filaye mabambanta a lokaci guda, kowane wasa kuma maki ɗaya ne ga makarantar da ta ci.

A jihar New Jersey wasanni biyar ake bugawa, uku na ɗaya-da-ɗaya, biyu na bibbiyu, wanda ya ci uku ya yi nasara. A Texas kuwa, gasar ƙungiyoyi ta haɗa maza da mata a wasanni 19: shida na maza ɗaya-da-ɗaya, shida na mata, uku na maza bibbiyu, uku na mata bibbiyu, da ɗaya na namiji da mace a gefe guda. Makarantar da ta fara kai wa 10 ita ke da rana.

Ma'anar wannan lissafi ita ce makin gwarzon makaranta daidai yake da makin yarinyar da ke gurbi na shida. Sau da yawa gwarzon kan gama nasa wasan cikin ƙasa da awa ɗaya, ya ajiye raket ya koma ɗan kallo. Idan maki ya yi kunnen doki, sai kowa ya taru a filin ƙarshe da ya rage, wanda galibi na marasa suna ne, yaran da ba a taɓa tafa musu ba. A nan ɗalibin da ya saba ɓuya a bayan aji kan tsinci kansa da nauyin makaranta gaba ɗaya a kafaɗa, ga hannu yana rawa, ga rana tana faɗuwa. A nan kuma gwarzon kan gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wasan bibbiyu yana da nasa darasin. Koci ne ke haɗa mutum da abokin wasa, kuma ba lalle ya zama wanda jininsu ya haɗu ba. Dole su koyi sirrin juna: wa zai tsaya kusa da raga, wa zai rufe baya, wa zai ɗauki ƙwallon da ta biyo ta tsakiya. Idan ɗaya ya zubar da maki, ɗayan ba shi da lokacin harara, domin cikin daƙiƙoƙi kaɗan za a sake bugowa.

Raket kuma ba ya wanke ɗalibi daga littafi. A 1984 jihar Texas ta kafa dokar da ta ce duk ɗalibin da ya faɗi wani darasi za a dakatar da shi daga wakiltar makaranta na wasu makonni, har sai sakamakonsa ya gyaru. Wasu jihohin ma suna da nasu sharuɗɗan makamantan wannan. Yaron da ke son gurbinsa a tsani ya san cewa malamar kimiyya tana iya ƙwace masa shi kafin abokin hamayya.

Amanar bakin layi

Duk da haka, abin da ya fi bambanta tanis da sauran wasannin makaranta shi ne rashin alƙali. A ƙwallon ƙafa ko kwando akwai mai busa, ɗan wasa kuma yakan yi abin da ya ga zai sha da shi. A tanis na sakandare, in ban da manyan wasannin ƙarshen kaka, kowane ɗan wasa shi ne alƙalin gefensa. Shi zai ce ƙwallo ta fita, mai bugun farko kuma shi zai riƙa faɗin maki da ƙarfi kafin kowane bugu.

Kundin ladubban da USTA ta tanada don wasannin da babu jami'i ya fayyace ƙa'idar: ƙwallon da ta taɓa layi ko da da gefenta ne tana ciki, kuma idan ɗan wasa yana kokwanto, dole ya ba abokin karawarsa makin. Ba a yarda ya ce a sake bugawa don bai gani da kyau ba. Wato shakka kanta hukunci ce, kuma a kan mai shakkar take faɗawa.

Ba a rasa masu cin amana. Kowane ɗan wasa ya taɓa haɗuwa da wanda idonsa ke lalacewa daidai lokacin da maki ya yi tsada. Abin da doka ta bai wa wanda aka cuta kaɗan ne: ya tambaya cikin ladabi ko abokin karawar ya tabbata, idan abin ya ci gaba ya nemi kociyoyi su zo su tsaya a bakin fili. Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. Makarantun yanki ɗaya suna haɗuwa shekara bayan shekara, sunan mai zamba kuma yakan riga shi isa fili.

Yaron Richmond da ya tafi neman makaranta

Babu wanda wannan tarbiyya ta fi bayyana a rayuwarsa kamar Arthur Ashe. An haife shi a 1943 a birnin Richmond na jihar Virginia, a zamanin da doka ta raba baƙar fata da farar fata a makarantu da filayen wasa. Mahaifinsa shi ne mai kula da filin wasa na Brook Field, wanda aka ware wa baƙaƙe, gidansu kuma a cikin filin yake. A nan wani ɗalibin jami'a, Ronald Charity, ya fara koya masa riƙon raket.

Yana ɗan shekara 10 aka kai shi wurin Dokta Robert Walter Johnson, likita a garin Lynchburg, wanda ya gina fili a gidansa yana horar da yara baƙaƙe, kuma shi ne ya taimaka wa Althea Gibson, baƙar fata ta farko da ta ci gasar Wimbledon a 1957. Dokta Johnson yana da doka mai tsauri: duk ƙwallon da ta sauka daf da layi, ko da ta ɗan fita, yaransa su mayar da ita kamar tana ciki, kuma kada su taɓa jayayya da hukunci. Ya san cewa a gasar farar fata, zargin zamba guda ɗaya ya isa a rufe wa dukkan yaransa ƙofa.

A Richmond, Ashe yana makarantar sakandare ta Maggie L. Walker, amma ba shi da damar karawa da ɗalibai farar fata, filayen cikin ɗaki na birnin kuma an hana baƙaƙe shiga, don haka da sanyi ya shigo sai wasa ya tsaya. A 1960 ya tattara ya koma St. Louis a jihar Missouri, ya yi shekararsa ta ƙarshe a makarantar Sumner, yana zaune a gidan Richard Hudlin, malami kuma mai horar da tanis. A ƙarshen wannan shekara ya zama baƙar fata na farko da ya ci gasar matasa ta ƙasa ta cikin ɗaki. A 1961 ya lashe gasar ɗaliban sakandare ta ƙasa a Charlottesville, a cikin jihar da ta hana shi fili.

Daga nan sai Jami'ar California da ke Los Angeles bisa tallafin karatu, sai kofin US Open a 1968, na Australian Open a 1970, da na Wimbledon a 1975. Natsuwar da aka san shi da ita ta fuskanci jarrabawa a Legas a watan Fabrairun 1976. Yana cikin manyan 'yan wasan da suka zo wata gasar ƙwararru lokacin da aka kashe Shugaban Ƙasa, Janar Murtala Muhammed, ranar 13 ga watan. Kwanaki kaɗan bayan haka, yana tsakiyar wasan kusa da na ƙarshe da Jeff Borowiak a kulob ɗin tanis na Legas, sojoji suka kutsa cikin fili. Da bakin bindiga a bayansa aka fitar da shi, hannuwansa a sama, bai yi gardama ba. Ashe ya rasu a 1993, kuma babban filin gasar US Open a New York sunansa yake ɗauke da shi.

Daga tsintar ƙwallo a Ikoyi zuwa Wimbledon

Nijeriya ma tana da nata ɗan da ya bi ta wannan ƙofa. Nduka Odizor, wanda aka haifa a Legas a 1958, yaro ne mai tsintar ƙwallo a kulob ɗin Ikoyi lokacin da Robert Wren, malamin adabi daga Jami'ar Houston da ke aiki a Legas, ya lura da shi. Wren ya ɗauki nauyin tafiyarsa Amurka, inda ya kammala sakandare a Houston, sannan ya buga wa Jami'ar Houston wasa.

A 1983 Odizor ya girgiza Wimbledon da ya doke Guillermo Vilas na Ajantina a zagayen farko bayan turmi biyar, ya kuma kai zagaye na huɗu, inda Chris Lewis na New Zealand ya tsayar da shi. A wannan shekara ya ci kofin gasar Taipei, a 1984 kuma ya kai mataki na 52 a duniya. A gasar Olamfik ta 1988 a Koriya ta Kudu, shi da Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi suka wakilci Nijeriya, kuma dukansu uku sun yi karatu tare da wasa a makarantun Amurka. Baiwar a gida aka haife ta, amma tsarin makaranta na wata ƙasa ne ya rene ta.

Ba masana'antar zakaru ba ce

Gaskiyar da ba a ɓoyewa ita ce yawancin zakarun duniya ba ta ƙungiyar makaranta suka biyo ba. Andre Agassi yana ɗan shekara 13 aka kai shi makarantar horon tanis ta Nick Bollettieri a Florida, bai jima ba ya bar karatun aji. Venus da Serena Williams a hannun mahaifinsu suka fara a Compton, daga baya suka koma wurin ƙwararren koci. Yaran da suka fi fice a yau sukan ga kakar wata uku da abokan karawa marasa ƙarfi a matsayin ɓata lokaci, su gwammace yawon gasa da kuɗin iyayensu.

Akwai dai waɗanda suka bi doguwar hanya suka isa. John Isner ya buga wa sakandaren Page da ke Greensboro wasa, ya taimaka mata ta ci kofin jihar North Carolina a 2001, ya yi shekara huɗu a Jami'ar Georgia, har suka ci kofin jami'o'i na ƙasa a 2007. Shi ne ya doke Nicolas Mahut na Faransa a Wimbledon a 2010, a wasan da ya ɗauki awa 11 da minti 5 cikin kwana uku, mafi tsawo a tarihin tanis.

Amma irin su Isner tsiraru ne, kuma ba don su aka kafa tsarin ba. An kafa shi ne don ɗaruruwan dubban da za su zama malamai, ma'aikatan jinya, akantoci da ma'aikatan gwamnati, waɗanda wata rana za a bar su su kaɗai da takarda da biro, babu mai kallo, a ce su faɗi ko ƙwallon ta shiga ko ta fita.

Inda gizo ke saƙa a gida

A Nijeriya tanis ya fi shekara 100, domin kulob ɗin tanis na Legas tun 1895 aka kafa shi. Akwai Cibiyar Tanis ta Ƙasa a Filin Wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, akwai gasar da Babban Bankin Nijeriya ke ɗaukar nauyi, akwai gasar Dala a Kano. Sai dai wasan ya fi zama a kulob-kulob, inda shiga sai da katin zama memba. Ɗan talaka, kamar a zamanin Odizor, yakan shiga ne ta hanyar tsintar ƙwallo, ya jira manya su gaji kafin ya ari raket.

A makarantu kuwa, wasanni sun fi tattaruwa a bikin gasar gidaje na shekara-shekara, inda guje-guje da ƙwallon ƙafa ke cinye rana. Ba abin mamaki ba ne a shiga tsohuwar makaranta a tarar da filin tanis da ciyawa ta tsaga simintinsa, sandunan raga kuma sun zama wurin shanya.

Abin da ake buƙata bai kai yadda ake zato ba. Filin tanis tsawonsa mita 23.77 ne, faɗinsa mita 10.97, sai ɗan sarari a kewaye. Fili biyu, raga, raket na aro da malami ɗaya mai sha'awa sun isa a kafa ƙungiya. Abin da ya fi siminti wuya shi ne jadawali, wato a ce makarantu biyar ko shida na gari ɗaya sun san cewa kowace Laraba za su haɗu, mota za ta zo, za a rubuta sakamako, kuma baɗi ma haka. Ƙarfin tsarin Amurka a wannan ɗorewar yake.

Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tana riƙe da makarantun sakandare sama da 100 a faɗin ƙasar nan. Akwai hukumar tanis ta ƙasa, akwai ta wasannin makarantu, ga kuma Hukumar Wasanni ta Ƙasa da aka farfaɗo da ita a Oktoban 2024 bayan rushe ma'aikatar wasanni. Irin wannan jadawali ba ya buƙatar sabuwar doka. Yana buƙatar wasiƙa daga ofishi zuwa ofishi, da layi guda a kasafin kuɗi, da jami'in da zai bi sawu bayan an gama bikin ƙaddamarwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A can filin makaranta kuwa, idan aka buga maki na ƙarshe, al'adar ɗaya ce ko wane ne ya ci. Yaran biyu za su tako zuwa raga su yi musabaha, su tattara ƙwallayen da suka yi wasa da su, su je wurin kociyoyi su faɗi sakamako da bakinsu. Abin da suka faɗa shi ake rubutawa.